Ɗan Ruwa Ne, Ko Ɗan Da Ba Mu Tanadar Wa Likita Ba?



Yau zan ɗan katse wa ma'abota wannan fili daɗin labaran da suka saba bi babi bayan babi, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san ba kowa ne zai ji daɗinta ba. Maganar ita ce, a ƙasar Kano mai ƙananan hukumomi 44, yaron da ya zo duniya da matsalar girman ƙwaƙwalwa ko ta ɗabi'a mun tanadar masa sunaye sun fi goma, amma mun kasa tanadar masa likitan da ya karanci larurarsa. In ya kasa zama da rarrafe mu ce ɗan ruwa ne. In ya shekara huɗu bai yi magana ba mu ce nauyin baki ne, in abin ya yi nisa mu ce bebe. In ya kasa zama wuri guda mu ce ƙiriniya ce, bulala ce maganinsa. In ya kasa riƙe karatu mu ce daƙiƙi. In yana faɗuwa yana kumfa mu ce iska ce. Ga dolo, ga gaula, ga sakarai, ga kuma galahanga da muke jibga wa duk larurar da muka rasa sunanta. Wato dai harshenmu ya yi arzikin sunaye, asibitocinmu kuwa sun yi talaucin masana.

Ni mutumin Durba ne, a ƙaramar hukumar Kibiya, ƙasar Rano, kuma daga nan zan hango matsalar, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Laifin kuwa kashi uku na raba shi: na gwamnatocin da suka fi son gina bango a kan gina mutum, da na masu hannu da shunin da ba su ɗauki horar da likita a matsayin sadaka ba, da kuma na marubutanmu da suka mai da waɗannan yara kayan ƙawata labari.

Bari mu fara da fannin kansa, don kada wani ya ɗauka gizo da ƙoƙi nake kawowa. A likitanci akwai reshe guda da aikinsa shi ne bin diddigin yadda yaro yake girma: yaushe ya riƙe wuya, yaushe ya zauna, ya taka, ya kira mama, ya fara wasa da tsaransa, da abin da ya kamata a yi in ɗaya daga cikin waɗannan ya yi jinkiri ko ya karkace. Masu wannan fanni su ne ke duba larurar otizim, wadda likita Leo Kanner ya bayyana a rubuce a 1943, wadda kuma gidajen rediyonmu kan fassara da galahanga. Su ne ke duba larurar rashin natsuwa da kasa mai da hankali, da jinkirin magana, da shanyewar gaɓoɓi saboda raunin ƙwaƙwalwa, da nauyin fahimtar karatu, da rikicewar ɗabi'a. A Amurka an amince da fannin a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta a 1999, aka yi jarrabawar farko ta ba da shaidarsa a 2002. Likita sai ya gama digirinsa, ya yi shekara 3 yana ƙwarewa a kan yara, sannan ya ƙara wasu 3 a kan wannan reshe kaɗai.

A nan gida hanyar ta fi tsawo, ta kuma fi ƙaya. Shekara 6 a jami'a, in Allah Ya sa ba a yi yajin aiki ba, shekara 1 ta sanin makamar aiki, shekara 1 ta bautar ƙasa. Sannan ya shiga fafutukar samun gurbi a asibitin koyarwa, ya zauna jarrabawoyin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da aka kafa a 1979, ko ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1976, abin da kan ci wasu shekara 5 zuwa 6. Bayan duk wannan gwagwarmaya likitan yara kawai aka samu, ba a ma shiga maganar reshen da nake magana a kai ba. Ma'ana, yarinyar da ta shiga ajin farko na likitanci a Jami'ar Bayero bana, ba za ta zama irin ƙwararriyar da muke buƙata ba sai nan da shekara 15 ko fiye. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kuwa ko dumar ba mu shuka ba.

A ƙasar nan yawanci wannan aiki yana rataye ne a wuyan likitocin jijiya da ƙwaƙwalwar yara, da likitocin taɓin hankali da suka karkata ga yara. Ina jinjina musu, domin 'yan ƙalilan ne, kuma a manyan asibitocin koyarwa suke tattare, irin su na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato. Ƙungiyar likitocin taɓin hankali ta Nijeriya ta sha faɗa a 'yan shekarun nan cewa masu wannan aiki a cikin ƙasar ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. To, cikin waɗannan nawa ne na yara? Cikin na yaran nawa ne a Arewa? Cikin na Arewar nawa ne ke jin Hausar matar karkara?

Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta son ƙabilanci ba ce, ta aiki ce. Ba a gano yawancin waɗannan larurori da awon jini ko hoton ƙirji. Da tambaya ake gano su, da sauraro, da zuba wa yaro ido yana wasa. Akwai wata takardar tantance otizim mai tambayoyi 20 da ake amfani da ita a duniya ga yaro mai wata 16 zuwa 30. A ciki ana tambayar uwa ko ɗanta yana juyowa in ta kira sunansa, ko yana kallon idonta in tana masa magana. Mai karatu, ka tsaya ka yi tunani. Matar Durba da ke goyon ɗan fari, ta taɓa kiran sunansa? Alkunya ta hana ta. A gaban baƙo ma ba za ta yi masa wasa ba. Ga shi kuma yaron da ya fara wayo an koya masa cewa ƙura wa babba ido rashin tarbiyya ne. Baƙon likita zai rubuta abin da ba shi ke nan ba. Ɗan gida kuwa ya san kaka zai kira, ko yayar da ke goyon yaron, su ne za su faɗa masa gaskiya. Wannan ne ya sa nake cewa ba fanni ba ne da za mu riƙa aron ƙwararrunsa na mako guda, a ɗauki hoto a watse. Dole mu horar da namu.

Yanzu mu duba abin da rashin nasu yake haifarwa. Na san wata baiwar Allah a wani ƙauye kusa da mu, ɗanta ya shekara huɗu bai ce uffan ba. Yana ji sarai, domin da an tayar da injin markaɗe sai ya toshe kunne ya yi ta ihu. Ba ya shiga cikin yara, sai dai ya wuni yana jera duwatsu a layi, in aka taɓa guda ɗaya duniya ta tashi. Da farko aka kira wanzami ya yanke masa linzami, wai shi ya riƙe harshen. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ta sayar da akuyarta aka kai shi wurin wani mai magani da ya ce tun tana da ciki ta tsallaka ɗan aljani da almuru. Dangin miji suka riƙe wannan magana, ta zama abin gori a tsakar gida. Da ta gaji ta kai shi wani ƙaramin asibiti, malamin da ke wurin, wanda ba na ganin laifinsa tunda ba a koya masa ba, ya ba ta maganin ƙarin jini ya ce ta yi haƙuri, wasu yaran haka suke, zai yi magana. Yau yaron ya wuce shekara goma, a ɗaki ake kulle shi in za a tafi gona, ita kuma auren ya mutu.

Ban ce da ta gamu da ƙwararre da ɗanta ya warke ba, domin otizim ba zazzaɓi ba ne da ake sha masa ƙwaya ya tafi. Amma da an faɗa mata sunan abin, an wanke ta daga zargi, an koya mata yadda za ta koya masa neman ruwa da nuna abin da yake so, da shiga bayan gida, da sa riga, tun ƙwaƙwalwarsa tana ɗanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan karin maganar ba ado ba ce, ilimi ne: shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa take ƙulla mafi yawan hanyoyinta. Waɗannan shekaru su muka cinye mata tsakanin wanzami da boka da maganin ƙarin jini. In kuwa ta ce sai Kano, to ta tanadi kuɗin mota ta Rano da Bunkure, na zuwa da na dawowa, da na abinci, da izinin maigida, da wanda zai riƙe mata sauran yaran, sannan ba zuwa ɗaya ba ne, aiki ne na wata da watanni. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Boka bai fi likita ilimi ba, ya dai fi shi kusa.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko za su ce wannan cutar Turawa ce da 'ya'yan masu kuɗin Nasarawa, mu a karkara ba mu san ta ba. Tun a 1978 wani mai bincike, Victor Lotter, ya wallafa sakamakon zagayen da ya yi a ƙasashen Afirka 6, har da Nijeriya, ya kuma tarar da yara masu otizim. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da shi a 2022, kusan yaro 1 cikin 100 ne ke da larurar. Ƙidayar 2006 ta ba Kibiya mutum sama da 130,000, ta ba Rano sama da 140,000. Ka ɗauka rabinsu yara ne, ka raba da 100, ka gani ko ba ɗaruruwa za ka samu a kowace ƙaramar hukuma ba, tun da alƙaluman shekara ashirin da suka wuce. Kada wani ya ce lissafin dokin Rano nake yi, ko ka zaftare rabi, ragowar ta isa ta hana mai imani barci. Kuma otizim kaɗai ke nan. Wani babban bincike da likita 'yar Nijeriya, Bolajoko Olusanya, ta jagoranta, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa a 2016 akwai yara 'yan ƙasa da shekara 5 har miliyan 52.9 a duniya masu naƙasar girma, kusan kashi 95 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu, kuma a Afirka kudu da Sahara adadin ya ƙaru da sama da kashi 70 cikin 100 daga 1990.

Na biyu za su ce: malam, ana ta kai wa yake ta kaya? Yaranmu na mutuwa da zazzaɓin sauro da gudawa da tamowa, kai kana maganar wanda bai yi magana ba. Wannan ita ce hujjar da ta fi kama da gaskiya, kuma ita ta fi rauni. Su waɗannan cututtuka ai su ne ke haifar da yaran da nake magana a kai. Doguwar naƙudar da ta hana jariri numfashi a mintunan farko, ita ce shanyewar gaɓoɓin da muke kira ɗan ruwa. Shawarar jarirai da ake zama da ita a gida ana shanya jinjiri a hantsi, alhali akwai fitilar asibiti mai shuɗin haske da ke sauke ta, in ta hau ƙwaƙwalwa kurumta da sanƙarewar jiki take bari, kuma kafur ɗin da muke cusawa cikin kayan jarirai yana tayar da ita ga wasu yaran. Zazzaɓin sauron da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana barin farfaɗiya. Sanƙarau ɗin da ya yi mana ɓarna a Kano a 1996, ya kuma dawo Zamfara da Sakkwato a 2017, ina kurame da masu raunin fahimtar da ya bari? Gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ina dubban da suka sha da kyar? Yanzu sun zama samari da 'yan mata. Duk yaron da muka ƙwato daga bakin mutuwa muka sallame shi ba tare da mai bin girmansa ba, rabin aiki muka yi. Mun ƙidaya shi cikin nasara a takarda, mun bar uwarsa da sauran.

Abin da ya fi ciwo, wasu daga cikin larurorin suna da magani mai araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in an gano ta an kuma ba su maganin da ya dace. Akwai jaririn da ake haifa da ƙarancin sinadarin da ƙullutun maƙogwaro ke samarwa, wannan da kan kumbura ya zama maƙoƙo. Sai ka gan shi lagwai-lagwai, harshe a waje, ba kuka ba kuzari. Ƙwaya ɗaya a rana, in an fara a makonnin farko, ta isa ya girma kamar kowa. In ba a gano ba, shi ne gobe za a yi ta raɗe-raɗin a kai shi bakin kogi a ga ko zai zama maciji ya shige. Akwai yaron da ake jibga a makaranta kullum a kan taurin kai, alhali ciwon kunne ne ya rage masa ji. Wa zai bambance waɗannan in ba wanda aka horar ba?

Na uku za su ce ina ƙaryata aljanu da sammu. Ban zo da wannan ba. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, ba wanda ya hana uwa ta tofa wa ɗanta addu'a a kan hanyar ganin likita. Abin da nake yaƙi da shi shi ne a mai da aljani bolar da muke zuba duk abin da muka kasa karantawa. Mun ga inda wannan hanya take ƙarewa. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa. A Oktoba aka ga irinsa a Daura, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe gidajen mari. Kowa ya yi Allah wadai. To amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba duka ne azzalumai ba, da yawansu mutane ne da ɗabi'ar yaro ta fi ƙarfinsu, suka duba gabas da yamma ba su ga ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. An rufe waccan ƙofa, wace aka buɗe musu a madadinta? Dokoki kam muna da su: ta hana wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da ta lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanar da sa mata hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Amma doka ba ta duba yaro, mutum ne ke duba shi.

Na huɗu za su ce in an horar da su Saudiyya da Ingila za su gudu. Wasu za su tafi, ba musu. Amma ban taɓa jin manomin Kibiya ya fasa shuka dawa don tsuntsu zai ci wani abu ba. Akwai yarjejeniyar yi wa jiha aiki na wasu shekaru, akwai kyautata albashi da wurin zama, akwai zaɓar 'ya'yan yankin da ke da iyaye da gonaki a nan. Sannan ba ina nufin a kawo farfesa ya tare a Durba ba ne. Amfanin ƙwararre guda shi ne ya haifi ɗari. Shi zai koya wa nas da ungozoma da malamin asibitin sha-ka-tafi cewa yaron da ya wata 9 bai zauna ba, ko ya wata 18 bai taka ba, ko ya shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko ya fara magana ta ɗauke, ba a ce wa uwarsa ta je ta yi haƙuri, tura shi gaba ake yi. Uwar nan tana zuwa riga-kafi sau da yawa kafin yaro ya cika shekara biyu. Ana ɗora shi a sikeli, ana ɗiga masa magani a baki, amma tambaya uku a kan girmansa ta gagara.

Kuma wannan ba mafarki ba ne, an gwada a ƙasar nan. Tun a 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da masu taɓin hankali a cikin ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, tare da danginsu, har duniya ta zo koyo. A Jami'ar Ibadan, Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafa cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa da tallafin gidauniyar MacArthur, ta fara digiri na biyu a 2013, inda likitoci da nas-nas da ma'aikatan jin daɗin jama'a daga ƙasashen Afirka daban-daban ke zuwa kwas na wata 18. A nan Arewa ma, daga 2020 an gudanar da wani bincike mai suna BRIDGE, na haɗin gwiwar asibitin Malam Aminu Kano da Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, inda aka horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su gano farfaɗiyar yara su kula da ita, a ƙananan asibitoci 60 na Kano da Zariya da Kaduna. Ashe ana iyawa. Abin tambaya shi ne, don me sai da kuɗin Amurkawa, kuma don me abin ya tsaya a birane?

Gwamnatocin Kano sun nuna suna iya kashe kuɗi a kan yara da karatu in sun ga dama. A Disambar 2017 aka buɗe asibitin yara na titin gidan Zu, ga na Hasiya Bayero tun da daɗewa. An tura ɗalibai 501 karatu ƙasashen waje a zamanin Kwankwaso, a 2023 aka sanar da wasu 1,001. Madalla. Amma gini yana da allon da ake rubuta sunan gwamna, shi kuwa likitan da zai fito bayan shekara 15 ba wanda zai yanka masa kyalle, shi ya sa ba a ɗokin sa. Haka attajiranmu. Mutum zai gina masallaci na uku a layi ɗaya, ya biya wa mutum goma kujerar Makka, duk alheri ne, amma ka ce ya ɗauki nauyin likita ɗaya ta je Ibadan ta dawo ta riƙa zagaya Rano da Kibiya da Bunkure, sai ya dube ka kamar ka yi saɓo. Alhali in ana neman sadaka mai gudana, wace ce ta wuce wannan?

Yanzu na zo kan marubutanmu, kuma a nan ne na san za a fi jifa na. Jama'a, littattafanmu cike suke da likitoci. Kusan kowane littafi na uku akwai Dokta wane, dogo, fari, mai saje, ya karanto a Ingila ko Misira, yana da asibitin kansa mai hawa uku. Me yake yi? Tiyatar zuciya ko karɓar haihuwa, sauran lokacin kuma yana jingine da mota yana jiran jarumar labari. Ban taɓa gamuwa da Doktan da ya zauna a tabarma yana mirgina wa yaro ƙwallo don ya ga ko zai mayar masa ba. Shi kuwa yaro mai larura, in ya shigo labari, hanya uku ce: ko kishiya ce ta yi wa cikinsa asiri, ko hukuncin Allah ne a kan muguwar uwa a babin ƙarshe, ko kuma dolon gida ne da ake sako shi don makaranta su yi dariya. Sai kuma a kawo wani malam ya yi karatu dare ɗaya, yaro ya miƙe yana zuba zance kamar ba a yi ba.

Kada ku ce ai labari ne kawai. Su wa ke karanta littattafan nan, su wa ke sauraron su a rediyo da waya? Matan aure ne da 'yan matan da gobe za su yi goyo. Uwar da ke da irin wannan yaro ta karanta cewa haihuwarsa sakayyar mugunta ce, me kuka shuka a zuciyarta da ta dangin mijinta? Yarinyar sakandare mai son zama likita, wane irin likita kuka nuna mata? Alƙalumanku sun yi yaƙi da auren dole, sun yi magana a kan yoyon fitsari da ƙanjamau da sakin wulaƙanci, kuma an ji a jika. Me ya hana su nan? Ba wa'azi nake nema a cusa cikin labari ba. Cewa nake, rayuwar uwar da ke renon irin wannan yaro, tsakanin so da gajiya da gori da fata, ta fi soyayyar Dokta da Hajiya nauyi sau goma, kuma ba wanda ya rubuta ta yadda take. Wanda zai rubuta kuwa ya tashi ya je ya zauna da iyayen, ya tambayi masana, ya leƙa makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki, kada ya zauna a ɗaki ya ƙirƙiro cuta da maganinta.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Gwamnatin jiha ta keɓe gurabe a kowace shekara, da sunan wannan fanni, cikin tallafin karatun da take bayarwa, ga likitocin yara da na ƙwaƙwalwa, da masu koyar da magana, da masu gashin ƙashi, da masana halayyar ɗan Adam, domin likita shi kaɗai ba ya wannan aiki. Jami'ar Bayero da asibitin koyarwarta su buɗe irin cibiyar Ibadan, mai aiki da Hausa. Makarantun koyon aikin lafiya, har da ta Bebeji da ke maƙwabtaka da mu, su mai da matakan girman yaro darasin da ba a fita sai an ci shi. A sa tambayoyin a katin riga-kafi, da Hausar boko da ajami. A sa rana guda a wata da ƙwararre zai sauka a Rano, a sanar a masallatai da kasuwanni, hakimai da dagatai da masu unguwanni su taya shela, kamar yadda suka yi a yaƙin shan-inna har aka ga bayanta. 'Yan majalisarmu kuwa, na jiha da na tarayya, kafin su sake raba babura da kekunan ɗinki, a tambaye su likita nawa suka horar.

Ke kuma uwa, in kina karanta wannan kina da yaron da zuciyarki ke raya miki wani abu game da shi, kada ki bari a ce miki ki jira. Ba ki tsallaka komai ba, ba ki yi wa kowa laifi ba. Ki kai shi asibiti, in an sallame ki da maganin ƙarin jini ki nemi takardar tura ki gaba, ki nace. Kai ma maigida, kuɗin motar nan bai kai na ragon suna ba.

Wanda yake ganin na yi tsauri, fili a buɗe yake, ya zo da hujjarsa mu gwada. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba masu jinya lada da juriya, Ya ba shugabanninmu ikon duba na ƙasa da su.

Wassalam.

Daga Durba, ƙaramar hukumar Kibiya, jihar Kano.